Hannun Lawan Mahauci a Allon Bita

Cikakken sunanta Msurshima Terkula, amma a Potiskum ba mai wahalar da harshensa, Sista Shima kowa yake kiranta, har faston cocinsu. A Dogo Tebo aka haife ta. Mahaifinta ɗan Tibi ne daga Gboko, aikin koyarwa ya kawo shi garin, mahaifiyarta kuwa doya da manja take sayarwa a ƙofar gida. Hausar Shima irin tamu ce ta nan, wadda kowa ya barbaɗa mata gishirin yarensu. Ni Fanne mai ba da labarin nan Babarbariya ce, ina aikin lafiya a wani ƙaramin asibiti a Gadaka, kuma in muna waya da ita maigidana ba ya iya cewa ga baƙuwa a cikinmu.

Nas ta so zama. Sau biyu tana neman gurbi ba ta samu ba, sai wani ɗan cocinsu ya ce mata akwai wani kwas da ba a rububinsa. Ta cike fom ba ta san me za a koya mata ba. Sai da ta zauna a aji ta gane aikin. Ciwo ya kayar da mutum, likita ya gama nasa ya sallame shi, amma ba ya iya kai loma bakinsa, ba ya iya sa maɓallin riga, ba ya shiga bayi sai an riƙe shi. Nata aikin shi ne ta mayar masa da waɗannan, in da hali ma ya koma sana'arsa. Har yau ba mu da sunan aikin da Hausa. Da aka ɗauke ta a asibiti sai aka tura ta ɗakin gashi, kowa ya ɗauka mai gashin ƙashi ce. Ta gyara wa mutane har ta gaji ta ƙyale su.

A shekarun tashin hankali iyayenta suka koma Gboko. Ta raka su, ta yi wata huɗu, ta dawo wurin mijinta Noah, mai sayar da kayan gyaran Keke Napep. Ta ce a can kullum sai an tambaye ta 'yar gidan wa ce, nan kuwa ko mai kayan miya ya san sunanta. A lokacin ne aiki ya yi mata yawa, masu hannu ɗaya, masu ƙafa ɗaya, kuma a lokacin ne ta gane abin da ta koyo a makaranta ba zai ishe ta ba. Littafi ɗaya ta dawo da shi, shi ma kwafi ne na wani da aka buga tun ba a haife ta ba, shafukan tsakiya duk sun yi baƙi ba sa karantuwa.

Ɗakin gashin nasu ba wani abin a zo a gani. Gado biyu, fitilar gashi mai jan haske, keken motsa ƙafa da sarƙarsa ta zube, sai wata igiya da aka zarga a 'yar taya a rufin ɗaki. Mara lafiya ya kama baki ɗaya da lafiyayyen hannu, a ɗaura masa mataccen a ɗaya bakin, ya yi ta ja yana ɗaga shi sama. Duk wanda ya zo da shanyewar ɓarin jiki tsarin ɗaya ne: a gasa shi da fitila, a murza shi da man zafi, ya ja igiya, a ce ya dawo wani mako. Haka ta tarar ana yi, haka ita ma ta shekara da shekaru tana yi, tana ganin mutane suna zuwa har su gaji su daina, hannun yana nan yadda yake.

Da ta samu babbar waya sai ta fara neman abin da masu bincike suka gano. A nan ta ci karo da wani abin takaici. Za ta samu takardar da take nema, ta karanta ɗan taƙaitaccen bayanin da ke sama, daidai inda za a faɗi yadda aka yi sai a ce a kulle yake. Ana nan sai ta lura da wata tsohuwar sanarwa a ƙofar ofishin shugaban sashensu, Malam Bakari, cewa wata ƙungiya ta ba asibitin kwamfuta biyu da lambar sirri ta shiga mujallun bincike kyauta. Ta shiga ta gaishe shi.

"Oga, na ga an ba mu lambar shiga mujallu."

"Ai ba kowa ake ba ba," in ji shi. "In aka yi ta shiga barkatai rufe mana za su yi."

"Su wa suke shiga yanzu?"

Ya ce zai duba. Kwamfuta ɗaya tana kusurwar ofishin an lulluɓe ta da zani, an ɗora filas ɗin shayi a kai. Ɗayar an ce ta tafi gyara. Wata tara Shima tana komawa, yau ya ce ya manta a gida, gobe ya ce sai manya sun sa hannu. Daga ƙarshe ta nemo adireshin ƙungiyar ta rubuta musu da kanta. Amsa ta zo cikin kwana biyu: sun rufe lambar tuntuni, domin tun da aka ba da ita ba wanda ya taɓa shiga ko sau ɗaya. Ta ce min da rowa ya yi mata da ta fi jin sauƙi. Ashe takardar da lambar take ciki ya yar, ya kasa faɗa, ya gwammace ya yi ta yawo da hankalinta.

Wata ƙawarta da suka yi makaranta tare, tana aiki a Jos, ita ta riƙa turo mata takardu ta waya. A ciki ta karanta cewa igiyar nan ta rufi tana iya ɓata kafaɗar da ta shanye, ta jawo ciwon da ya fi na farko. Ta tuna mutum nawa ta ɗaura wa igiyar da hannunta suna cije baki tana ce musu su daure. Washegari ta hau kujera ta kwance ta. Bayan mako biyu aka ce baƙi za su zo daga Damaturu, Malam Bakari ya sa aka mayar, ya ce ɗakin ya yi fayau, ba abin da za a nuna musu. Har yau tana nan a rataye. Shima dai ta ƙulle bakinta can sama inda hannu ba ya kaiwa.

Ta dalilin Muhammadu Lawan na san ta. Mahauci ne, ya haura shekara talatin yana fawa a gefen Kasuwar Shanu. Wata Laraba yana cikin fiɗa wuƙa ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya sunkuya zai ɗauka sai ya tafi gaba ɗaya. Da aka sallame shi daga asibiti 'yan uwansa suka kawo shi gidansu na gado a Gadaka, ni nake zuwa auna masa jini. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, hannun ne ya ƙi. Mutumin da ya saba ya kayar da sa, ga shi matarsa Khalida ce take ba shi abinci a baki. Ya daina fita ko masallaci. Na rubuta masa takarda zuwa ɗakin gashi, na raka su da kaina.

Shima ba ta kunna fitila ba. Ta zauna a gabansa ta ce ya gwada buɗe hannun. Ya yi ta fama har gumi ya keto masa, yatsu biyu suka ɗan ɗaga, wuyan hannun ya motsa kaɗan.

"Baba Lawan, wannan ya ishe mu farawa," in ji ta.

Ta ɗauko wata safar hannu mai kauri da ta ɗinka da tsohon zaninta, ta zura masa a hannun hagu mai lafiya, ta ɗaure. Ta zuba wake a faranti ta ajiye kofi a gefe, ta ce ya kwashe da na dama. Ya dube ta, ya dube ni.

"Sista, ni gashi na zo a yi min. Kin sa ni tsintar wake kamar kaza."

"In ka bar wa na hagu aiki, na dama ba zai taɓa tashi ba. An gwada wannan a kan mutane da yawa, an ga yana yi ga wanda yatsunsa suka fara motsi. Ban ce zai dawo kamar da ba. Amma fitila na shekara ina kunnawa, na san iyakarta."

Ranar ƙwayar wake huɗu ya kai kofi. Ta rubuta min abin da zai riƙa yi a gida, safar ta zauna a hannunsa daga hantsi zuwa azahar, Khalida ta sa ido. Daga wake aka koma tsinken tsire. Daga nan ta sa kafinta ya sassaƙo wuƙar katako daidai tsawon tasa, mai kaurin ƙota, ya fara yanka sabulu, sannan kabewa. Yakan yi fushi ya tuge safar ya jefar. Sau ɗaya ya yi mako uku bai je ba, sai ita ta hau mota ranar Asabar ta same shi har Gadaka.

Don ya riƙa ganin inda aka kwana, ta nemi izininsa ta riƙa ɗaukar hannun a waya duk wata.

"Ki ɗauka," ya ce, "amma kada 'yan kasuwa su gani. Ba na son a riƙa nuna ni ana cewa Allah sarki."

Ta yi masa alkawari. A wata na takwas ya riƙe wuƙar gaske ya yanka nama falle-falle na tsire. Fiɗa dai ta fi ƙarfinsa har yau, amma ya koma Potiskum ya kafa teburinsa. Malam Bakari ya ji labari, ya ce ta ba shi bidiyon zai sa a rahoton ƙarshen shekara, manya su san sashen yana aiki. Ta tura masa, ta ce na rahoto ne kawai.

Su masu irin aikinta sai sun sabunta lasisi, kuma ba a sabuntawa sai mutum ya nuna makin ƙarin ilimi, wato takardun shaidar bita da ya halarta. A fuska tsari ne mai kyau. Yadda ake yinsa a wurinsu ne abin ƙyama. In bita mai amfani ta zo, sai ta ga sunan mai kula da sito a gurbin sashensu, ko na wata da ba ta taɓa taɓa mara lafiya ba. Saboda haka ta yi mamaki da Malam Bakari da kansa ya sa sunanta a wata bita ta kwana uku a wani otal a Damaturu, kan sababbin hanyoyin kula da shanyewar ɓarin jiki bisa hujjar bincike. An gayyaci irinmu na ƙananan asibitoci, muka tafi mota ɗaya. Ta taho da littafin rubutu sabo da tambayoyi bakwai da ta tsara.

An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha biyu saura. A bakin ƙofa aka miƙo mana takardar halarta mai gida uku, aka ce mu sa hannu a duka, don mai jawabi yana da jirgi gobe, yau za a gama komai. Wasu suna sa hannu suka juya suka tafi kasuwa, suka bar wa abokansu sallahun karɓar takarda. Muka sa hannu mu ma.

Mai jawabin ana kiransa Dokta Siddiq, ban san likitan mene ne ba har yau. Awa ɗaya ya yi yana karanta abin da majigi ya haska a allo, kalma bayan kalma, a ƙasan kowane shafi ga sunan wani malamin wata ƙasa da ya manta bai goge ba. Shima ta ɗaga hannu sau biyu, ya ce tambaya sai ƙarshe. Daga nan ya buɗe jaka ya fito da wata ɗamara mai batir, wadda in an ɗaura a dantse take zirr kamar waya. Ya ce wannan ita ce sabuwar hanya, tana tayar da jijiyar da ta mutu, mara lafiya ba sai ya wahala da motsa jiki ba, ya ɗaura ya kwanta kawai.

"Na san za ku ce ina hujja," in ji shi. "Ga wani bawan Allah daga Abuja, kafin ya fara da bayan wata biyu."

Aka kashe fitilu. Hannu ya bayyana a allo yana rawa a kan farantin wake. An yanke fuskar, an cire murya an sa kiɗa. Na ga babban yatsan Lawan da ba shi da kai, wanda wuƙa ta cire tun yana saurayi, na ga wuƙar katako, sannan hannun yana yanka nama. Na waiga, Shima ta riga ta miƙe.

"Dokta, wannan mara lafiyata ne. A Potiskum yake, kuma bai taɓa ganin ɗamarar nan ba. Wata takwas muka yi, ba biyu ba."

Ya yi murmushi ya ce a kunna fitila. "Madam, hannu yana kama da hannu."

"Safar da ke ɗaya hannun fa? Zanina ne na taron matan coci, ni na ɗinka. A mayar baya a gani, har rubutun yana jiki."

Wasu suka yi dariya. Ba dariyar an kama maƙaryaci ba ce, dariyar an samu abin kallo ce. Wani daga baya ya ce, "Haba Sista, ki zauna mana, abinci yana hucewa." Malam Bakari yana babban tebur kusa da mai jawabi, bai ɗago daga wayarsa ba. Dokta Siddiq ya ce zai bincika da ofishinsa, wataƙila an samu cakuɗewar bidiyo, ya gode wa 'yar uwa da ta nuna kishin aiki, a tafa mata. Aka tafa.

Da aka buɗe abinci wurin ya hargitse, manyan ma'aikata suna tura kaji a leda suna ture juna. A ɗaya gefen kuma layi ne a teburin ɗamara. Mutanen da suka ji abin da ta faɗa da kunnensu, su ne suke ɗaukar uku-uku, huɗu-huɗu, za su kai ƙauyuka su sayar. Wata da na sani ta ce min, "Ko ba ta yi, ai ba ta kisa." Shima ta fita ta zauna a kan dakalin wajen otal ɗin. Na kai mata abinci ta ce in ɗauke. Ni na karɓo mata takardar shaidarta, mai zanen zinariya a gefe, an rubuta ta halarci horo na kwana uku. 

Washegari ta je teburin Lawan ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ina wurin, don ta ce ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba. Ya ajiye wuƙa ya goge hannu a tsumma.

"Fuskata ta fito?"

"Ba ta fito ba, Baba."

"Suka ce hannun waye?"

"Na wani mutumin Abuja."

Ya daɗe yana kallon hannun. "Ni na yi wahalar, ke kika yi wahalar, Khalida ta sha zagina wata takwas. To. Mu a nan in mahauci ya sayar da mushe ya ce yanka ne, sarkin fawa ba ya barinsa ya kwana a kasuwa. Ku ba ku da sarki ne?"

"Laifina ne da na ba da shi," in ji ta. "Ka ce kada a nuna, na ba wani."

"Kin ba wanda yake gaba da ke. Je ki, 'yata, ban riƙe ki ba." Amma daga ranar bai ƙara yarda an ɗauki hannunsa ba.

Ta rubuta ƙorafi shafi biyu ta kai ofishin manya. Aka kafa kwamitin mutum uku, aka sa Malam Bakari ya zama sakatare tunda sashensa ne. Bayan wata biyu takarda ta fito, ita aka ba: ta yi bayanin dalilin da ya sa take ɗaukar marasa lafiya a wayarta ba da izini a rubuce ba. Ta amsa, aka ja mata kunne, magana ta mutu.

Takardar shaidar nan ta yi wata biyu a ƙasan jakarta. Ta ce min sau uku tana fito da ita za ta yaga. Da lokacin sabunta lasisi ya matso ta duba makinta, bai kai ba sai da ita. Ta haɗa ta aika. Ranar ta kira ni a waya.

"Fanne, na yi amfani da ita. Ni ma gida uku na sa wa hannu, kin gani da idonki. Na tashi ina nuna wani da yatsa, ga shi da ƙaryarsa zan yi aiki bana."

Na ce ai dole ce ta sa. Ta ce kowa a ɗakin bitar nan haka zai ce.

Ba a yi wata huɗu ba ɗamarar ta iso Gadaka. Aka kira ni wani gida duba wata dattijuwa da ɓarin jikinta ya shanye. Tun daga ƙofar ɗaki na ji wari. Ɗanta ya sayo mata ɗamarar a hannun wani ma'aikacin lafiya, an ce musu kada a taɓa hannun, a bar na'ura ta yi aikinta. Wata uku ba wanda ya buɗe shi. Yatsun sun dunƙule sun ƙage, farata sun yi tsawo sun nutse a tafin hannu. Na kasa buɗewa, na ɗauke ta zuwa Potiskum.

Shima ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ta yi ta lallaɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta fi rabin awa. Da tafin ya buɗe, fatar ta yi fari ta saɓule, ruwa mai ɗoyi yana fita, wata tsohuwar loma ta tuwo ta ruɓe a tsakanin yatsu. Ɗan ya toshe hanci ya fita waje. Ita ba ta ko yamutsa fuska ba, ta wanke, ta yanke faratan, ta naɗe tsumma mai tsabta ta sa a tafin, tana ta ce wa tsohuwar sannu Mama. Sai da suka tafi ta ɗauki ɗamarar da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara, ta je ta wanke hannu har sau uku.

"Ciwon bai dame ni ba," ta ce min. "Wanda ya sayar musu yana ɗakin bitar nan ranar. Ya ji ni."

Daga wannan ne muka fara zama. Ta ce tunda bita ba za ta koya mana ba, mu koya wa kanmu. Duk Alhamis ta biyu bayan an tashi aiki, mu biyar a ɗakin gashi: ni, nas biyu, wani mai gashin ƙashi, da ita. Takan zaɓi takarda ɗaya daga waɗanda ake turo mata, ta karance ta a gida da ƙamus, ta zo ta warware mana da Hausa. Ita ta koya min in tambayi mutum nawa aka gwada abu a kansu, da wa aka kwatanta su, kuma wa ya ɗauki nauyin binciken. Wani lokaci takan ce, wannan ban gane lissafinsu ba, sai na tambayo ƙawata ta Jos. Wani lokaci mu gama karatu mu ga abin ba zai yiwu a wurinmu ba, mu ajiye.

Malam Bakari ya ji labarin zaman. Ya kira ta ya ce abu ne mai kyau, zai nema mana rajista ya zama ana ba da maki. Ba ta so ba, amma ta dube mu ta ce kada ta hana mu abin da muke buƙata, ta yarda. Aka yi zama uku da takardar halarta. A na huɗu ta je ofishinsa karɓo sabuwa, ta tarar da ta zaman baya a kan tebur. Mu biyar muka zauna, sunaye talatin da ɗaya ne a jiki, kowanne da sa hannunsa, har da na ma'aikacin da ya sayar wa dattijuwar nan ɗamara. A sama an rubuta sunanta a matsayin mai koyarwa.

Ta ɗauki biro a kan teburinsa ta soke sunanta.

"Sista, kina hana mutane ci gaba," in ji shi.

"Oga, ka nemi wani ya koyar da su."

Bara aka yi wa Malam Bakari ƙarin girma ya koma Damaturu. Ita tana nan a matakin da take, shekararta arba'in da shida, saura 'yan shekaru ɗanta na fari ya gama jami'a. Zaman namu ya koma tsakar gidanta a Dogo Tebo, ranar Asabar da hantsi, ba maki ba takarda. Ɗaya daga cikin nas ɗin ta daina zuwa da ta ji haka, muka koma huɗu. Bana ma dole Shima za ta nemi wata bitar ta zauna, ta ce tana dai tambaya a gaya mata wadda ƙaryarta ta fi sauƙi.

Takardar da muke kai yanzu a kan yaran da aka haifa ba sa iya zama ce, da yadda ake yi musu kujera da kwali da ruwan sitaci ta riƙe musu baya da wuya. Noah yana tara mata kwalayen shagonsa, sun cika rabin zaure. Kujerar farko da muka yi ta karkace, ta biyu ba ta bushe da kyau ba ta yi funfuna. Akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu a Gadaka da uwarta take goyo har yanzu. Shima ta ce in auno mata tsawon bayanta da faɗin ƙugunta, da daga gwiwa zuwa diddige, in kawo ranar Asabar.